Yaji, ficewa da tserewa: yadda Turanci ke rarrabe masu barin bakin aiki

Mai sauraron labaran rediyo da Hausa ya san jimla biyu ne ke ɗaukar kusan kowace rigima tsakanin ma'aikata da masu ba su aiki: an shiga yajin aiki, an janye yajin aiki. Takardar Turancin da aka ɗauko labarin daga cikinta ba ta da wannan sauƙin. A can, wanda ya ajiye kayan aiki bayan ƙungiyarsa ta kaɗa ƙuri'a sunansa daban, wanda ya tashi ya fice ba izinin kowa sunansa daban, wanda ya zauna a gaban injinsa ya ƙi motsi daban, wanda mai kamfani ya garƙame wa ƙofa shi ma daban. Kalmar da aka liƙa wa mutum ita ce sau da yawa ke yanke ko zai ga albashin watan, ko doka za ta tsare shi daga kora, ko ma za a gurfanar da shi.

Hausa ta yi dace da tata kalmar. Yaji na gidan aure ne: mace ta fusata ta tafi gidansu, igiyar aure na nan, kowa kuma ya san biko ake jira. Abin da “strike” ke nufi ke nan a wajen masana dokar ƙwadago. Ma'aikaci ya daina aiki tare da 'yan uwansa, amma bai bar aikin ba, niyyarsa ya koma bisa sharaɗi mafi kyau. Da wannan ma'auni na niyyar komawa ake raba sauran kalmomin, sai a ƙara tambaya uku a kai: wa ya tsayar da aikin, da izinin wa, kuma ya bar wurin ko yana ciki?

Ita “strike” ɗin daga teku ta samo wannan ma'ana. A 1768 ma'aikatan jiragen ruwan 'yan kasuwa a tashar Landan sun sauke manyan ƙyallayen da iska ke tura jirgi da su don kada jirgi ko ɗaya ya tashi sai an duba albashinsu, sauke ƙyallen kuwa a bakin matuƙa shi ne “strike the sails”. Yau ana cewa “go on strike” idan an shiga, “be on strike” idan ana ciki. Mutanen Birtaniya kan ce “come out”, jaridun Najeriya kuma sun fi son “embark on strike”. Ƙananan kalmomin da ke biyo baya su ne ke ɗauke da labarin: “strike for” na nuna abin da ake nema, “strike over” na nuna abin da ya haddasa rigimar, “strike against” na nuna wanda ake ja da shi. Akwai kuma tarkon da ke kama mai fassarar gaggawa. Kanun labari da ya ce “Union strikes deal with government” cewa yake ƙungiya ta cimma yarjejeniya da gwamnati, akasin abin da ido ya fara gani. “Air strike” hari ne ta sama. “Lightning strike” na iya zama faɗuwar tsawa, na iya zama yajin ba-zata. Sai an shiga jikin labarin.

“Industrial action” babbar laima ce ta 'yan Birtaniya. Kowane yajin aiki na ƙarƙashinta, amma akwai matakai da yawa a ciki waɗanda ba a daina zuwa aiki. Jaridun gida na amfani da ita a madadin “strike” don kawai gudun maimaici, daga nan kuskure ke shigowa: ƙungiyar malaman jinya a Ingila za ta sanar da “action short of a strike”, mai fassara ya ce sun tafi yaji, alhali suna bakin aikinsu, ƙarin awoyi kawai suka ƙi yi. A Amurka hukumar ƙididdigar ƙwadago na cewa “work stoppage”, ta haɗa yajin ma'aikata da rufe ƙofar da mai kamfani ya yi a lissafi ɗaya, kuma wanda ya shafi mutum 1,000 ko fiye take ƙidayawa a manya. “Down tools”, wato ajiye kayan aiki, gishiri ne na 'yan jarida, ba ta da wani nauyi a kotu.

Inda nauyin yake shi ne tsakanin “official strike” da “wildcat strike”. Na farko ƙungiya ce ta kira shi bayan ta bi matakan doka. A Najeriya, dokar rikicin ma'aikata ta ce a fara da hanyar sulhun da ɓangarorin biyu suka amince da ita tun farko, idan ta gaza a nemi mai shiga tsakani, idan ya gaza a kai wa ministan ƙwadago rahoto, shi kuma ya naɗa mai sasantawa ko ya miƙa ga kwamitin yanke hukunci, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Muddin ana cikin waɗannan matakai, dokar ta hana yaji. Gyaran da aka yi wa dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 2005 ya ƙara sharaɗin kaɗa ƙuri'a tsakanin mambobi. A Birtaniya dokar 2016 ta kawo sharaɗin cewa sai aƙalla rabin masu haƙƙin ƙuri'a sun kaɗa, sannan a ba mai kamfani sanarwar kwana 14. “Wildcat strike”, ko “unofficial strike” a bakin 'yan Birtaniya, shi ne wanda ma'aikata suka shiga da kansu ba tare da ƙungiya ta sa hannu ba, galibi cikin zafin rai: an kori wani abokin aiki da safe, kafin azahar kowa ya fito. Abin da ke biyo baya a dokar Birtaniya ba shi da daɗi. Idan ƙungiya ba ta fito a rubuce ta nesanta kanta ba, mai kamfani na iya kai ta ƙara ya nemi diyya. Idan ta nesanta kanta, mai kamfani na iya tsince waɗanda yake so ya kora, kuma ba su da damar ƙarar korar zalunci. Shi ya sa shugaban ƙungiya kan yi kamar bai san 'yan gidansa ba a irin wannan rana.

Amurka ta ƙara nata rabon. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1938 a shari'ar kamfanin Mackay Radio, wanda ya yi yaji don neman ƙarin kuɗi, “economic striker”, ana iya ɗaukar wani a gurbinsa na dindindin, wanda kuwa ya yi yaji saboda mai kamfani ya karya dokar ƙwadago dole a mayar da shi. Ma'aikatan gwamnatin tarayya kuma doka ta hana su yaji gaba ɗaya. Masu kula da zirga-zirgar jiragen sama sun gwada a ranar 3 ga Agustan 1981, Shugaba Ronald Reagan ya ba su wa'adin awa 48, da ya cika ya sallami mutum 11,345.

“Walkout” ta fi kusa da abin da ido ke gani: mutane sun tashi tare sun fice. Tana iya zama farkon yaji, tana iya zama ta awa ɗaya kawai. Ma'aikatan Google kusan 20,000 da suka fito daga ofisoshinsu a ƙasashe daban-daban ranar 1 ga Nuwamban 2018, kan yadda kamfanin ya tafiyar da ƙorafe-ƙorafen cin zarafin mata, sun koma kujerunsu a ranar. A kira wannan yajin aiki an zarce. Ficewar nuna fushi ce. A rubutu, aikatau kalma biyu ne, “walk out”, suna kuma kalma ɗaya. “Walk out of” wuri ake bari, “walk out over” dalili ake faɗa, “walk out on” kuwa mutum ake juya wa baya, kamar mijin da ya watsar da iyali ya kama gabansa.

A majalisa da teburin diflomasiyya ficewa makami ne mai kaifi biyu. A Janairun 1950 wakilin Tarayyar Sobiyat, Yakov Malik, ya fice daga Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya saboda kujerar Sin na hannun gwamnatin Chiang Kai-shek da ta koma Taiwan, maimakon sabuwar gwamnatin Beijing. Bai dawo ba, ficewar ta rikiɗe ta zama ƙauracewa. Da Koriya ta Arewa ta kutsa Kudu ranar 25 ga Yuni, babu wanda zai hau kujerar na-ƙi a madadin Mosko, kwamitin ya zartar da ƙudurin da ya ba Amurka da ƙawayenta damar shiga yaƙin da tutar Majalisar. Sai a Agusta Malik ya koma. A zauren dokoki lissafin mai sauƙi ne: ficewa na tsayar da aiki ne kawai idan waɗanda suka rage ba su kai adadin da doka ta ce zama ya halatta da shi ba. A majalisar jihar Texas kashi biyu bisa uku ake buƙata, shi ya sa 'yan Demokrat fiye da 50 da suka tashi zuwa Washington a Yulin 2021 suka iya daskarar da zaman na makonni. A Majalisar Tarayyar Najeriya kashi ɗaya bisa uku ya wadatar. 'Yan adawa za su fice, 'yan jarida su ɗauki hoto, ƙudurin ya wuce a bayansu.

Sai waɗanda ba sa fita ko nan da can. “Go-slow” a asalinta jan ƙafa ne da gangan a wurin aiki, Amurkawa na cewa “slowdown”. A Najeriya kalmar ta koma kan titi ta zama gosulo, har wanda ya karanta cewa ma'aikatan tashar jiragen ruwa sun fara “go-slow” zai iya ɗauka cunkoson motoci ake nufi. “Overtime ban” ƙin yin ƙarin awoyi ne, kuma yana cizo sosai a wuraren da ma'aikata suka yi ƙaranci, kamar jiragen ƙasa da asibitoci, domin jadawalin aikin tun farko a kan ƙarin awoyin aka gina shi. “Work-to-rule” ta fi su wayo. Ma'aikaci zai bi kowace ƙa'idar da ke littafi sau da ƙafa: jami'in kwastan ya buɗe kowace jaka, direban jirgin ƙasa ya duba kowace ƙofa da kowane birki kafin ya tashi, malami ya bar makaranta da bugun ƙararrawa. Aiki sai ya tsaya cik, domin kowace ma'aikata na tafiya ne da sassaucin da ba a rubuta ba. Masu karatu a Nijar da Chadi sun san ta da sunanta na Faransanci, “grève du zèle”.

Mutane kan ɗauka wannan dabara ba ta da haɗari tunda ba a karya ƙa'ida ba. Kotunan Ingila ba su yarda ba. A 1972, a shari'ar ƙungiyar direbobin jiragen ƙasa ta ASLEF, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce bin ƙa'ida da niyyar gurgunta aikin mai gida shi kansa saɓa yarjejeniyar aiki ne. A 1987 kuma Majalisar Iyayen Ƙasa, wadda ita ce kotun ƙarshe a lokacin, ta duba batun wani magatakardan ɗaurin aure a Wakefield da ya ƙi ɗaura aure ranar Asabar da safe bisa umarnin ƙungiyarsa. Aikinsa awa 37 ne a mako, 3 daga ciki ranar Asabar, sai ƙaramar hukumar ta riƙe kashi 3 cikin 37 na albashinsa, kotu ta ce ta yi daidai. Daga wannan layin hukunce-hukunce aka kai ga cewa mai ba da aiki na iya sanarwa tun farko ba ya karɓar rabin aiki, sannan ya ƙi biyan ko kwabo.

Jan ƙafa ma na iya ƙarewa da jini. A Nuwamban 1949 masu haƙar kwal a Enugu sun fara da “go-slow”, hukumar mahaƙar ta sallami wasu, sauran suka zauna a cikin ramin suka ƙi fita. Gwamnatin mulkin mallaka ta tura 'yan sanda su kwashe nakiyoyin fasa dutse, ranar 18 ga wata aka buɗe wuta a Iva Valley, aka kashe mutum 21. Wannan zama a cikin wurin aiki shi ne “sit-down strike”. Hikimarsa biyu ce: mai kamfani ba zai iya shigo da wasu su kama injin ba, kuma yana tsoron a yi artabu a ciki a lalata masa kaya. Da ita ma'aikatan General Motors a garin Flint na jihar Michigan suka riƙe masana'antu kwana 44, daga 30 ga Disamban 1936 zuwa 11 ga Fabrairun 1937, har kamfanin ya amince da ƙungiyarsu ta UAW. Shekara biyu bayan haka Kotun Ƙolin Amurka ta ce ana iya korar duk wanda ya yi irin wannan mamaya. “Sit-in” ƙanwarta ce amma ba ta tsaya ga ma'aikata ba; ɗalibai baƙar fata huɗu da suka zauna a teburin cin abincin kantin Woolworth a Greensboro ranar 1 ga Fabrairun 1960 ba ma'aikatan kantin ba ne. Zaman dirshan ya dace da duka biyun, sai dai a fayyace wa ke zaune kuma a ina.

Waɗanda doka ta hana yaji sun ƙirƙiro “sickout”: kowa ya wayi gari ya aiko cewa ba shi da lafiya a rana ɗaya. Idan 'yan sandan Amurka ne suka yi, sai a ce “blue flu”, murar masu shuɗin kaya. Ga mai kaki kalmar da ake gudu ita ce “mutiny”, bore, domin tana fitar da magana daga hannun ministan ƙwadago ta kai ta kotun soja. Lokacin da ƙananan 'yan sandan Najeriya suka ajiye aiki a farkon 2002 kan haƙƙoƙinsu, su yaji suka kira shi, gwamnatin Obasanjo ta kira shi bore.

“Lockout” kuwa ba yaji ba ne sam, ko da yake daga waje kamarsu ɗaya: ƙofa a rufe, ma'aikata a titi. Mai kamfani ne ya hana su shiga don ya tilasta musu karɓar sharuɗɗansa. A Dublin a 1913 masu kamfanoni ƙarƙashin William Martin Murphy sun rufe wa ma'aikata kusan 20,000 ƙofa don su fita daga ƙungiyar James Larkin, aka kai har Janairun 1914. A wasanni ma ana yi. Kakar wasan hoki ta 2004 zuwa 2005 a Arewacin Amurka gaba ɗaya aka soke ta saboda masu ƙungiyoyi sun rufe wa 'yan wasa ƙofa. A Najeriya bambancin kuɗi ne tsantsa. Sashe na 43 na dokar rikicin ma'aikata ya ce wanda ya yi yaji ba shi da albashin kwanakin, abin da ake kira ba aiki ba biya, amma wannan sashen dai ya ce idan mai ba da aiki ne ya rufe ƙofa, dole ya biya albashin duk tsawon rufewar. Saboda haka tambayar wa ya fara sa kwaɗo tana da tsada, kuma rahoton da ya kira “lockout” yajin aiki ya ɗora wa ma'aikata laifin da ba nasu ba. Rufe ɗakunan kwanan ɗalibai ba ya cikin wannan, domin ɗalibi ba ma'aikaci ba ne. Shi ma idan ya ƙi shiga aji, “class boycott” ne, ƙaurace wa darasi.

Kalmomin tsawon lokaci su ne mai karatu a Najeriya ya fi haddacewa, albarkacin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i. Yajin 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu a matsayin “warning strike”, yajin gargaɗi na mako 4. Aka yi “roll over”, wato aka tsawaita, da mako 8, sannan 12, sannan 4, sai ranar 29 ga Agusta aka mayar da shi “indefinite”, na sai baba ta gani. Ranar 21 ga Satumba Kotun Ma'aikata ta ce a koma aji, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce sai an bi wannan umarni kafin a ci gaba da ɗaukaka ƙara, ranar 14 ga Oktoba ƙungiyar ta sanar da cewa ta yi “suspend”. Kafafen yaɗa labarai da dama sun ce ta janye. Ba ta janye ba. “Call off” shi ne janyewa, an kawo ƙarshen wannan yajin, idan za a sake sai an faro daga tushe. “Suspend” dakatarwa ce: buƙatun na nan, ƙungiya na riƙe da iƙirarin cewa za ta iya komawa duk lokacin da aka saɓa alkawari, kuma da gangan ƙungiyoyin Najeriya ke zaɓar ta kusan kullum. “Shelve” jingine yajin da ba a ma fara ba ne. A Yunin 2024 ma an ji wata sabuwa: bayan manyan ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC sun tsayar da ƙasa ranar 3 ga wata kan mafi ƙarancin albashi, har babban layin wutar lantarki ya mutu, washegari suka ce sun yi “relax” na mako ɗaya, wato sun sassauta. Maganar ta ƙare a Yuli kan naira 70,000.

“General strike” yajin gama-gari ne da ya ratsa sana'o'i da yawa a lokaci guda, kamar na kwana 9 a Birtaniya a Mayun 1926, ko na Najeriya a 1945 da Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa kan alawus na tsadar rayuwa, ko na Janairun 2012 bayan litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka sauko 97. “Sympathy strike” yajin mara baya ne, ma'aikatan da ba su da rigima da mai gidansu su fito don wasu. Birtaniya ta cire masa kariyar doka a 1990. Kuma ba kowace fitowar ƙungiyar ƙwadago ce yaji ba: abin da NLC ta yi a ƙarshen Yulin 2022 don goyon bayan malaman jami'a zanga-zanga ce, “solidarity protest”. Masu tsayawa a bakin ƙofa da kwalaye su ne “pickets”, aikinsu a ƙa'ida lallashi ne, har ƙa'idar Birtaniya ta ba da shawarar kada su wuce 6 a ƙofa ɗaya, ko da yake a gida idan jarida ta ce an yi “picketing” wani ofis, galibi an sa masa sarƙa ne. Wanda ya ratsa su ya shiga aiki “strikebreaker” ne a bakin mai rahoto. “Scab” da “blackleg” zagi ne na 'yan ƙungiya, kada ɗan jarida ya ɗauka a bakinsa.

“Boycott” sunan mutum ne. Charles Boycott wakilin wani mai manyan gonaki ne a gundumar Mayo ta Ayalan, a 1880 ya nemi tayar da manoman haya da suka kasa biya, sai gari ya juya masa baya: leburori suka bar gonar, masu kanti suka ƙi sayar masa, har wasiƙa aka daina kai masa. Sai da aka kawo 'yan sa-kai kusan 50 daga arewacin tsibirin suka yi girbin ƙarƙashin gadin sojoji da 'yan sanda, kuɗin gadin ya ninka darajar amfanin gonar sau da yawa. Mai yaji ƙarfinsa yake hanawa, mai ƙauracewa kuɗinsa ko halartarsa, shi ya sa ake ƙaurace wa zaɓe ko kayan wata ƙasa. Zaman gida na Litinin da ƙungiyar 'yan awaren Biyafara ta IPOB ta ƙaƙaba a kudu maso gabashin Najeriya a Agustan 2021, “sit-at-home”, da “ville morte” da 'yan adawa da ƙungiyoyin farar hula kan kira a Yamai, Injamena ko Duwala, umarnin siyasa ne ga gari baki ɗaya, babu mai ba da aikin da ake ciniki da shi.

Idan aka koma kan mutum ɗaya da ya tashi ba zato, Turanci na duba yanayin tafiyar da kuma laifin da ke bayanta. “Storm out” ficewa ce a fusace, kowa na gani, har da buga ƙofa. “Slip away” sulalewa ce. “Bolt” zabura ce a guje, ya ranta a na kare. “Flee” gudun tsira ne daga haɗari kuma ba ta ɗora wa mai gudun laifi, ita ake faɗa ga 'yan gudun hijira. “Do a runner” ta kan titin Birtaniya ce, ga wanda ya ci abinci ya cika wandonsa da iska bai biya ba. “Take French leave” tafiya ce ba sallama, Faransawa kuma sun rama, suna kiran wannan ɗabi'a tafiya irin ta Ingilishi. Wadda ake taka-tsantsan da ita ita ce “abscond”, domin tana nufin ɓuya daga doka ko tserewa da abin wani, kamar ma'ajin da ya yi layar zana da kuɗin adashi, ko wanda aka ba beli ya ƙi dawowa, “jump bail”. A rubuta ta kan ma'aikacin da kawai bai zo ofis ba an jingina masa laifi, yana iya kai ƙarar ɓata suna. A soja “AWOL” rashin halarta ne ba izini, “desertion” kuma gudu ne da niyyar ba dawowa, hukuncinsu ba ɗaya ba. A rundunar Amurka bayan kwana 30 ake sauya sunan mutum a takarda daga na farko zuwa na biyu, amma a kotu sai an tabbatar da niyyar.

“Decamp” na da fuska biyu. Bature na nufin tattara komatsai a bar wuri cikin hanzari, ɗan Najeriya na nufin sauya sheƙa daga jam'iyya zuwa jam'iyya, abin da Bature zai kira “defect” ko “cross the floor”. “Quit” gajeriya ce mai ɗan zafi, masu kanun labarai na son ta. “Resign” murabus ne da takarda da wa'adi. “Step down” sauka ce daga muƙami, galibi cikin girma. “Step aside” kuwa matsawa gefe ce, tana barin ƙofar dawowa a buɗe, kuma 'yan Najeriya sun koye ta ne daga Janar Ibrahim Babangida a Agustan 1993, bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, lokacin da ya miƙa mulki ga gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan. Janar Sani Abacha ya kawar da wannan gwamnati ranar 17 ga Nuwamba. Babangida ya sayi fom ɗin takarar shugaban ƙasa a PDP a 2006 sannan ya janye, ya sake fitowa a 2010 har kwamitin dattawan Arewa ya tsayar da Atiku Abubakar a matsayin ɗan takarar maslaha.